Kan jaririyata yana ta girma, an ce sai an sa mata roba a kai

Tambaya daga wani magidanci a wani ƙauye ta wajen Jahun: "Likita, 'yata watanta huɗu, tun bayan suna da ta yi zazzaɓi mai zafi har da jijjiga kanta yake ta girma, yanzu hula ba ta shigarta, idonta kullum ƙasa yake kallo. Mun kai ta Dutse an yi hoto an ce ruwa ne a kai, mu tafi Kano a yi mata aiki a sa roba. Mahaifiyata ta ce sam, duk wanda aka taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya dawowa da hankalinsa, wasu kuma na cewa 'yar ruwa ce a bar ta. Don Allah mene ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya kai da maman yarinya. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin in shiga dogon bayani, kada ku bari wannan watan ya ƙare ba ku kai ta Kano ba. In da hali ma cikin satin nan. Ni ban ga yarinyar ba, ban ga hoton ba, amma abin da ka lissafo, zazzaɓi da jijjiga tana jaririya, sannan kai ya fara girma, ido ya koma ƙasa, wallahi kusan kullum da irinsa muke kwana a ɗakin yara, kuma waɗanda suka gan ta a Dutse sun faɗa muku daidai.

To mene ne ruwan nan? Kowa yana da shi, ni da kai da Hajiya da ta ce kar a yi aikin. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ɗakuna guda huɗu, a cikinsu akwai wata tsoka mai laushi kamar soso wadda aikinta kenan dare da rana tana tato ruwa fari tas daga jini. Babban mutum yana yin kamar rabin lita a rana, wato kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, amma abin da yake zaune a kai da gadon baya a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, kaga kenan ruwan tafiya yake, yana fita daga ɗaki zuwa ɗaki ta wata siririyar hanya, ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. Kai da kake gefen fadama ka san abin da yake faruwa idan injin ban ruwa yana ta aiki amma ciyawa da taɓo sun toshe kwalbati. Injin bai san an toshe ba, zubawa kawai yake. Haka tsokar nan take. Shi babba ƙashin kansa ya riga ya haɗe, in hanya ta toshe sai ciwon kai da amai da suma. Jariri kuwa ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, ga maɗiga a buɗe, sai kan ya dinga buɗewa yana ba ruwan wuri, ita kuma ƙwaƙwalwa ruwan yana danna ta daga ciki tana miƙewa tana sirancewa. Idon da ka ga ya koma ƙasa farin yana fitowa ta sama, matsin ne ya kai wurin da yake juya ido sama. Jijiyoyin da suke fitowa raɗo-raɗo a fatar kai ma shi ne.

Zazzaɓin nan na bayan suna shi nake zargi. Ƙwayar cuta ta shiga jinin jariri, ta haura kai, ta yi irin aikin sanƙarau, in ta warke sai ta bar tabo a hanyar ruwan. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Amurka, Benjamin Warf, ya koma Yuganda a shekarar 2000 ya zauna a wani asibitin yara a garin Mbale, a 2005 ya fitar da abin da ya gani a yara 300 masu wannan larura, kusan 60 cikin 100 ciwon ya biyo bayan irin wannan zazzaɓi ne na jarirai. A ƙasashen Turawa ba haka lissafin yake ba, su nasu yawanci bakwaini ne da jini ya zuba musu a kai, ko wanda aka haifa da hanyar a tsuke. Daga baya a 2020 masu bincike ƙarƙashin wani likita Steven Schiff suka bi ruwan kan jariran Yugandan nan da gwajin ƙwayoyin halitta suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Paenibacillus a da yawa daga cikinsu, wadda gwajin asibiti na yau da kullum ba ya kama ta. Abin da ya sa nake kawo maka Yuganda, ƙauyukansu irin namu ne, haihuwa a gida, yankan cibi da abin da ya samu, asibiti da nisa. Binciken da aka yi a kansu ya fi kusa da 'yarka a kan wanda aka yi a Landan.

Yanzu maganar Hajiya. Kada ka yi mata gardama da ƙarfi, tsoronta yana da tushe, a zamaninsu wanda aka ce an fasa masa kai yawanci hatsari ne ko sara, kuma sun ga yadda ake ƙarewa. Amma wannan aikin ba fasa kai ake yi ba. Ana yi wa yarinya allurar barci, a ɗan tsaga fata kamar tsawon gaɓar yatsa, a yi 'yar ƙofa ƙarama, a zura siririyar roba mai laushi ta shiga ɗakin da ruwan ya taru. Eh, ba zan ɓoye maka ba, robar tana ratsa naman ƙwaƙwalwa kafin ta isa ruwan, amma ta wurin da aka zaɓa aka san ba ya riƙe da magana ko motsi, kuma kaurinta bai kai bironka ba. Sai a haɗa ta da wani ɗan makulli da yake bayan kunne a ƙarƙashin fata, shi yake buɗewa in ruwa ya yi yawa ya rufe in ya ragu, kuma ba ya bari ya koma baya. Daga nan robar ta bi ƙarƙashin fata ta wuya da ƙirji ta shiga ciki, ba cikin hanji ba, cikin sararin da hanji yake kwance, can jiki yake shanye ruwan. Ana barin rarar roba a naɗe a cikin saboda yarinya za ta yi tsawo. Ba abin da yake leƙowa waje, wanka za a yi mata, goyo za a yi, kitso ma in gashi ya fito. Aikin kansa awa ɗaya ne ko da ɗan ɗoriya. Mu a asibiti shant muke ce mata.

Makullin nan ma wani uba ne kamarka ya ƙera shi. Sunansa John Holter, makaniki ne mai aikin ƙarfe a Filadelfiya ta Amurka, aka haifa masa ɗa a 1955 da buɗaɗɗen baya, wato ƙashin bayansa bai rufe ba, da ruwa a kai, robobin lokacin suna ta toshewa, sai ya koma ɗakin aikinsa na gida ya haɗa makulli da wata roba mai laushi da jiki ba ya ƙi, shi da likitan yaron Eugene Spitz, aka fara sa wa yara a 1956. Ɗan nasa bai yi tsawon rai ba, ya rasu yana shekara biyar, amma abin da ya ƙera har yau a kansa ake gini. A nan gida ma tiyatar ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce, Farfesa Latunde Odeku ya buɗe sashenta a Ibadan tun 1962, yanzu ana yi a asibitin Malam Aminu Kano, ana yi a Shika, ana yi a Sakkwato.

Abin da yake cinye hankalin yaro abu biyu ne a wannan ciwon, ɓarnar da ƙwayar cutar ta riga ta yi lokacin zazzaɓin, da kuma matsin ruwan da yake ƙaruwa kullum. Na farkon ya wuce, ba mu da iko a kansa. Na biyun shi ne yake hannunku yanzu. Ƙwaƙwalwar jariri a shekarar farko take yin girman da ba za ta sake yin irinsa ba, nauyinta yana ninkawa har ya wuce, to duk watan da ta yi a matse an tauye ta. Yaran da mutane suke nunawa a ƙauye su ce ga shi an yi masa aiki bai yi hankali ba, in ka bi labarin da yawansu sai da kai ya kai girman tulu, ido ya tafi, sannan aka kawo su. Na taɓa karɓar wani yaro ɗan wata tara, an zagaya da shi wajen masu magani wata biyar, wanzami ya yi masa tsaga a goshi da gefen kai wai a fitar da mugun jini, tsagar ta yi ruwa, dole muka jira sati biyu muna wanke gyambo da ba shi magani domin ba a sa roba a ƙarƙashin fata mai ƙwayar cuta. An yi aikin, ya rayu, amma ganinsa bai dawo ba. Uwarsa ta tambaye ni da ta zo da wuri fa, na rasa abin da zan ce mata. Don Allah kar a yi wa yarinyar nan tsaga, kar a yi sakiya, kar a shafa komai a maɗiga. Addu'a da tofi ku yi ta yi, ba su hana aiki, mu ma da bismillah muke shiga ɗakin tiyata. Zancen 'yar ruwa kuwa ka toshe kunnenka, 'yarka ce, hoton ma ya nuna abin da yake damunta.

Za ka ji masu cewa akwai ƙwaya ko sirof da yake busar da ruwan. An gwada. Akwai magunguna masu sa fitsari da rage yin ruwan, aka yi babban gwaji a kan bakwaini aka fitar da sakamako a 1998, ba su hana yaran kaiwa ga sa roba ba, waɗanda aka ba ma sun fi samun matsala. Zuƙe ruwan da allura ta maɗiga kuma na ɗan lokaci ne, kwana kaɗan ya dawo, likita ne kawai yake yinsa in an matsu kafin aiki. Kar ka yarda wani ya yi mata shi a kemis.

Sai dai robar tana da nata halin, kuma gara ka ji daga bakina yanzu. Tana toshewa, tana iya kamuwa da ƙwayar cuta musamman a watannin farko, tana iya tsinkewa ko ta zame. Ko a ƙasashen da suke da komai, kusan yara 4 cikin 10 sai an sake taɓa tasu kafin shekara biyu. Wanda yake zaune a Tarauni in ta toshe da dare adaidaita zai hau. Kai kuwa da damina in ruwa ya cinye hanya, ka san yadda fita daga wasu garuruwan namu take, wani lokacin sai da kwalekwale. Wannan matsalar ce ta dami Warf a Yuganda, shi ya sa ya koma kan wata tsohuwar dabara da aka fara gwadawa tun 1923 a Boston, wato a shiga da siririyar kyamara cikin ɗakin ruwan, a huda ƙasan ɗaki na uku, ruwan ya samu sabuwar hanya ya zagaye inda ya toshe, kamar ka fasa kunya ruwa ya bi ta gefe. Ana taƙaita sunan aikin da ETV. Matsalar ita ce a jarirai hudar kaɗai ba ta cika riƙewa ba, sai ya ƙara da ƙona wani ɓangare na tsokar nan mai tato ruwa a lokaci guda, a rage ƙarfin injin kenan. A yara 550 da ya bi, 'yan ƙasa da shekara ɗaya da aka yi wa huda kaɗai 47 cikin 100 ne suka dace, waɗanda aka haɗa musu da ƙonawa 66 cikin 100. In ta yi, yaro ya rabu da roba.

Mutane suka ce to ai hudar ba ta rage ruwan sosai kamar roba, a hoto ɗakunan suna nan da girma, anya ba a cuci ƙwaƙwalwar ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an amsa ta da gwaji na gaskiya. Aka ɗauki jarirai 100 'yan ƙasa da wata shida a Mbale, dukkansu irin 'yarka, ruwan kai bayan zazzaɓi, aka raba su da ƙuri'a, wasu roba wasu huda da ƙonawa, aka auna fahimtarsu da motsinsu bayan shekara guda. Sakamakon ya fito a ƙarshen 2017, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu. Abin da ya fi tafiya da fahimtar yaro shi ne yadda naman ƙwaƙwalwar kansa ya ci gaba da girma bayan an sauke matsin. Ni wannan binciken yana cikin waɗanda suka fi burge ni a fanninmu, domin an yi shi a kan 'ya'yan talakawa, kuma har likitocin Amurka sun je Yuganda koyon aikin.

Ra'ayina, ga mutumin ƙauye mai nisa, in hoto ya nuna yarinya ta dace da huda kuma akwai kayan aikin da wanda ya iya, ina karkata can, saboda ita in za ta gaza yawanci a wata shidan farko take gazawa, lokacin kuna kan zuwa asibiti ana dubawa, roba kuwa tana iya tsayawa ko bayan shekara goma. Amma ba kowane yaro ne ya dace ba, wani zazzaɓin ya bar tabo har a wurin da ruwan zai fita bayan hudar, sai likita ya shiga da kyamara ya ga ba hanya, a nan take ya sa roba. Kuma ba kullum ake samun kyamarar ba. Saboda haka ka tambayi likitan kai tsaye, ranka ya daɗe wannan yarinyar za a iya yi mata huda ko sai roba, kuma me ya sa. Ba rashin kunya ba ne. In ya ce roba, ka karɓa, kar ka ce za ka jira huda wata uku kai yana ƙara girma.

Kan kuɗi, za a iya nuna maka roba iri-iri. Akwai ta Indiya mai suna Chhabra, ita aka fi sawa a asibitocinmu saboda sauƙi. Kar ranka ya ba ka cewa don kai talaka ne aka ba ka ta banza. Warf ɗin dai ya gwada ta da wata ta Amurka a yara 195, a lokacin ta Indiya dala 35 ɗayar dala 650, bayan shekara guda bai ga bambanci ba wajen toshewa ko kamuwa da cuta. Abin da ya fi tsadar roba muhimmanci shi ne tsabtar aikin da lafiyar fatar yarinya da ƙoshinta. A ci gaba da ba ta nono sosai, in tana amai a dinga ba ta kaɗan-kaɗan akai-akai, a dinga juya mata kwanciya kar nauyin kan ya sa fata ta yi gyambo ta gefe ɗaya, a sa tsumma mai laushi a ƙarƙashi. In kun isa ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya ka faɗi halinka ba kunya, ka kuma shirya mutum ɗaya ko biyu cikin 'yan'uwa da za su iya ba da jini in an nema.

Kada in yi maka alƙawarin da ba nawa ba. Kan ba zai koma ƙarami ba, tsayawa zai yi da gudu jiki ya biyo shi a hankali. Wasu yaran suna tashi lafiya lau su yi makaranta, ina da waɗanda suke zuwa gaishe ni da kayan firamare. Wasu zama da tafiya da magana suna yi musu jinkiri, sai an haɗa da gashin ƙashi, wasu kuma farfaɗiya tana biyo baya saboda tabon zazzaɓin, a ɗora su a kan magani. Wane rukuni 'yarka za ta faɗa, hoton zai ba likitanta haske, saura kuma na Allah ne.

Bayan aiki, abin da za ku sa wa ido kai da mamanta: amai da ya ƙi tsayawa, barcin da ba a iya tashinta, kuka mai tsini da ba ta saba ba, ƙin kama nono, maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali tana zaune ba kuka take ba, ido ya sake komawa ƙasa, zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar robar, ko ruwa yana tsattsafowa daga ɗinki, ko cikinta ya kumbura. Ko ɗaya ka gani, mota za ka nema, kar a tsaya ana cewa maleriya ce a sayo magani a gwada kwana uku. Duk asibitin da kuka shiga, kalmar farko ka ce yarinyar nan tana da roba a kai. Ka samu tef irin na tela, duk sati a auna kan ta saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, a rubuta a bayan katin riga-kafi da kwanan wata. Jariri yana zuwa duniya da kai kamar santimita 34 zuwa 35, a wata ukun farko yana ƙara kamar 2 duk wata, daga nan ya koma 1 har wata shida, sannan ya koma rabi, to ka ga ma'aunin da za ka kwatanta.

Ɗan abin da zan ƙara saboda haihuwa ta gaba. Cibi a yanke shi da sabuwar reza, a shafa man nan na asibiti kulohekzidin, a bar toka da man goge baki da gasa cibi da tsumma mai datti. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba in ya yi zazzaɓi ko ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi ya saki, ranar za a kai shi asibiti ko da ba a yi suna ba, al'adar zaman ɗaki ba ta kai ransa ba. Riga-kafi a kammala, har da na sanƙarau, ku da kuka ga abin da ya yi a Arewa a 1996 ba sai an ba ku labari ba. Sannan folik asid, 'yar ƙwayar nan da ake bayarwa wajen awo, ita tana kare buɗaɗɗen baya wanda shi ma yawanci da ruwan kai yake tafe, gwajin da aka fitar a Ingila a 1991 ya nuna ta rage maimaituwarsa da kusan 72 cikin 100 a matan da suka taɓa haifar irinsa. Sai dai bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace ma ta tabbatar ɓatan wata ta yi, don haka tun kafin ciki ake fara sha.

Ita kuma Hajiya, shawarata ku tafi da ita Kano. Ranar da ake ganin masu wannan larura za ta tarar da iyaye mata a layi da yaran da aka yi wa aikin shekara biyu, shekara biyar, wasu suna ta guje-guje a baranda, ta zauna ta yi hira da su, ta sa hannu ta shafa bayan kunnen ɗaya ta ji makullin da yatsanta. Ku riƙo hoton da aka yi a Dutse da takardar da suka rubuta muku da katin riga-kafi, ku fito da asuba domin layin kati yana cika da wuri.